Ɗaurewa da Kwancewa: Isa ga Ma'adanan Waje a Manhajar Linux da Tasirinsa ga Adana Muryoyin Harsunan Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da yake faruwa tsakanin lokacin da aka jona filash ko katin memori a jikin kwamfuta mai aiki da manhajar Linux da lokacin da fayilolin da ke cikinsa suka bayyana a gaban mai aiki. Mai yiwuwa wani ya tambayi abin da ya kawo irin wannan batu cikin mujallar harsuna. Dalili shi ne, manazarcin harshe a yau ba ya dawowa daga fagen bincike da jakar kaset-kaset kamar yadda malamanmu suka yi. Abin da yake dawowa da shi ɗan kati ne da bai fi kan sarki girma ba, a cikinsa kuwa akwai tatsuniya ko waƙar noma ko tarihin dangi daga bakin dattijon da ba lalle ne a same shi da rai baɗi ba. Kaset yana lalacewa ne a hankali, ko ya tsinke ma ana iya liƙe shi a ceci saura. Kati kuwa yakan tafi da abin da ke cikinsa gaba ɗaya, galibi a daidai wannan ɗan tsakanin da ake magana a kai.

An ɗauko misalai daga Kafanchan da kewayenta, inda aiki ya kawo marubucin. Za a kuma ba da shawara kan kalmomin Hausa da suka dace da aikin, tun da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya taƙaita ne ga harshe da adabi da hanyoyin koyar da su.

2.0 Fagen Aiki

Kafanchan ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun wajen 1927. Duk wanda ya fito daga ƙasar da ake wayar gari da Hausa a kwana da ita, zai yi mamakin yawan harsunan da ke kewaye da garin nan. Akwai Tyap a Zangon Katab da Ƙaura, tare da kare-karensa irin su Fantswam na Kafanchan kanta da Gworok na Kagoro. Akwai Jju a wajen Zonkwa, da Hyam a Kwoi, da Nikyob, da Ninzo can wajen Gwantu. A rabe-raben Greenberg na 1963 an sanya su a reshen Filato na iyalin Binuwai-Kwango, wato ba dangin Hausa ba ne, wadda take cikin harsunan Cadi. Amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha, har ma da majami'u da yawa, kuma a cikin gari ana samun yaran da suka fi sakewa da ita fiye da harshen iyayensu. Bahaushe mai nazarin harshe ba zai kau da kai daga wannan ba, domin harshensa ne yake cin iyakar gonar wasu. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya taimaka a adana muryoyin da kyau.

Adanawar kuwa tana buƙatar fayiloli manya. A 1990 Norris McKinney ya buga nazari a kan bambancin baƙaƙe masu ƙarfi da masu taushi a Tyap da Jju, bambancin da tsawon lokacin furuci yake da babban rabo a cikinsa. Mai son irin wannan awo ba zai dogara da murya da aka matse a tsarin MP3 ba, sai dai tsarin WAV wanda ba ya zubar da komai. Idan rikoda tana ɗiban sauti sau 48,000 a daƙiƙa, kowane ɗiba bayit 3, a kafofi 2, to ana cin bayit 288,000 ke nan a daƙiƙa, wato ɗan fiye da gigabayit 1 a kowace awa. Kwamfutar ɗalibi ba ta daɗewa ta cika, dole a koma ga ma'adanan waje.

Ita kuwa manhajar Linux, Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyarta, wadda ake kira kanel, a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, bisa salon manhajar Unix da aka ƙirƙiro a Amurka a 1969. Kyauta ce, kuma an yarda kowa ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Tana zuwa a nau'o'i irin su Debian da Ubuntu da Fedora. Abin da ya ƙara mata daraja a wurinmu shi ne, a watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, alhali da yawa daga kwamfutoci 'yan kwatano da ke hannun ɗalibanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux tana gudana a kansu lafiya, haka ma Praat da ELAN da Audacity, manhajojin da muke awon sauti da rubuta shi da su.

3.0 Jonawa Daban, Ɗaurewa Daban

Wanda ya saba da Windows ya san cewa kowace ma'adana harafinta ake ba ta: C ga faifan cikin kwamfuta, D ko E ga filash. Linux ba ta san wannan ba. A wurinta fayiloli duka suna kan bishiya guda ce mai tushe ɗaya, wanda ake rubutawa da alamar /, kowace folda kuwa reshe ce da ta tsiro daga wani reshen. Saboda haka baƙuwar ma'adana ba ta da inda za ta tsaya da ƙafarta, sai an haɗa ta da wani reshe na bishiyar, kamar yadda mai lambu yake yi wa mangwaro aure.

Aikin yana da matakai biyu, rashin bambance su kuwa shi ne tushen yawancin asarar da ake yi. Da an jona filash, kanel zai gane cewa wani abu ya shigo, ya ba shi suna a cikin foldar /dev. Faifai na farko shi ne sda, na biyu sdb, na uku sdc. Idan an yanka faifan gida-gida, sai yankin farko ya zama sdb1, na biyu sdb2. Katin memori da aka sa a ramin da ke jikin kwamfuta yakan fito da suna mmcblk0, yankinsa na farko kuma mmcblk0p1. A wannan mataki kwamfuta ta ga ma'adanar, amma abin da take gani jerin lambobi ne kawai, babu fayil babu folda. Sai a mataki na biyu ne ake gaya wa kanel da wane tsari zai karanta lambobin, a wane reshe zai bayyana su, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa. Umarnin da ke yin wannan shi ne mount, wanda yake nan tun fitowar Unix ta farko a 1971. Wanda ke warware shi kuma umount.

3.1 Zaɓen Kalma

Ma'anar da ta fi saurin zuwa ga mai fassara ita ce 'hawa', amma babu abin da yake hawa wani abu a nan. Asalin kalmar ta Ingilishi daga zamanin manyan kwamfutoci ne, lokacin da ma'aikaci yake ɗauko faifai ko naɗin tef da hannunsa ya aza a kan inji. Bisa wannan tarihi 'ɗorawa' da 'saukewa' sun dace ƙwarai, kamar ɗora tukunya da sauke ta. To, amma masu amfani da intanet sun riga mu: a bakinsu ɗorawa ita ce aika fayil zuwa intanet, saukewa kuma ɗauko shi daga can. Bai kamata a ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu a fage guda ba. 'Jonawa' kuwa aikin hannu ce, ita ce matakin farko, kishiyarta 'zarewa'.

Shawarata ita ce a ce 'ɗaurewa' da 'kwancewa', reshen da ake haɗa ma'adanar da shi kuma a kira shi 'turke'. Turke abu ne kafaffe a cikin gida, ba ya zuwa ko'ina. Dabba ce take zuwa a ɗaure ta, a kwance ta ta tafi, gobe a ɗaure wata a wurin. Haka foldar take: kafin ɗaurewa fanko ce, bayan kwancewa ta koma fanko. Har ila yau hoton yana koyar da ladabin aikin ba tare da dogon bayani ba, domin kowa ya san abin da ke faruwa idan aka fizgi akuya ba a kwance ta ba. Na zaɓi 'ɗaure', aikatau na aji huɗu a tsarin Parsons na 1960, a kan 'ɗaura' na aji ɗaya, saboda sirdi ake ɗaurawa, dabba kuwa ɗaure ta ake yi. Ƙorafin da nake hange shi ne 'kwance' tana kama da 'kwance' ta wanda ya kishingiɗa. Karin sauti ya raba su a baka, muhallin jimla kuma zai raba su a rubuce, kamar yadda yake raba ɗaruruwan irinsu.

4.0 Yadda Ake Yi

A yawancin nau'o'in Linux na yau akwai wata manhaja mai suna udisks da ke ɗaure ma'adana da kanta da zarar an jona ta. A Ubuntu da Debian an saba kafa turken a ƙarƙashin /media, a Fedora kuma a ƙarƙashin /run/media, sai sunan mai kwamfuta, sai laƙabin filash ɗin. Ga aikin yau da kullum wannan ya wadatar. Amma kati mai ɗauke da muryar da ba ta da kwafi ya cancanci a kashe masa wannan saukin daga saitin kwamfuta, a ɗaure shi da hannu a tagar umarni. Da farko a duba abin da ke jone:

(1) lsblk -f

Wannan zai jero ma'adanai duka, da tsarin kowace, da laƙabinta, da turkenta in tana da shi. Ya kamata a ba da umarnin kafin jonawa da kuma bayanta, a ga wane suna ne sabo, domin sunayen ba su da tabbas: abin da yake sdb yau yana iya zama sdc gobe idan wani filash ya riga shi shiga. Daga nan sai a kafa turke, a ɗaure:

(2) sudo mkdir /mnt/turke

(3) sudo mount -o ro,utf8,uid=1000 /dev/sdb1 /mnt/turke

Kalmar sudo neman izinin mai gida ce, kwamfuta za ta tambayi kalmar sirri. Misali na (3) na katin da ke kan tsarin FAT32 ne, abin lura a cikinsa kuwa shi ne sharuɗɗa ukun da suka biyo bayan -o. Na farko, ro, yana nufin karatu kawai: ba za a iya rubuta komai a kan katin ba, ba za a iya goge komai ba, ko da gangan ko da kuskure. A ganina wannan shi ne babban abin da Linux take bai wa mai bincike. Ɗan makullin da ke gefen babban katin memori roƙo ne kawai yake yi ga na'urar da ke karantawa, ƙananan katuna ma ba su da shi. Na uku, uid=1000, yana mallaka wa mai amfani na farko a kwamfutar fayilolin, saboda FAT32 ba shi da wurin rubuta sunan mai fayil; in ba a faɗa ba, sai komai ya zama na mai gida. Sharaɗi na biyu za a zo kansa a sashe na 5.0.

Wayar hannu ba ta bin wannan hanya. Wayoyin Android na yanzu ba sa miƙa ma'adanarsu ga kwamfuta, sai dai su riƙa miƙo fayil ɗaya bayan ɗaya ta wata yarjejeniya mai suna MTP, don haka ba za a gan su a jerin misali na (1) ba. Idan a katin memori aka ɗauki muryar, ya fi a kashe wayar a ciro katin.

4.1 Tsare-tsaren Fayil

Tsarin fayil shi ne ƙa'idar da aka bi wajen shimfiɗa fayiloli a kan ma'adana da rubuta rajistar inda kowanne yake. Huɗu ne za a ci karo da su. FAT32 ya fito a 1996, kusan kowace na'ura tana karanta shi, amma fayil ɗaya ba ya kaiwa gigabayit 4 a kansa. A lissafin da ya gabata murya za ta kai wannan iyaka bayan awa 4 da 'yan mintoci, kuma rikodoji sukan yanka fayil da kansu kafin nan. Bidiyo ne yake cin karo da ita. Wanda ya ɗauki bikin Afan na Kagoro, da ake yi ran 1 ga Janairu, ya haɗa shi fayil guda, zai ga filash ya ƙi karɓa alhali da sauran wuri a cikinsa. Maganin wannan shi ne exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, kuma shi ne ke kan katunan da suka haura gigabayit 32. Sai a 2019 kamfanin ya bayyana ƙa'idojinsa a fili, aka shigar da shi kanel na 5.4 a wannan shekara. Tsohuwar Linux da ta girmi haka tana buƙatar ƙarin manhaja kafin ta karanta shi. NTFS na Windows ne tun 1993, kuma ana samunsa a kan da yawa daga manyan faya-fayan waje da ake sayarwa. Linux tana karanta shi tana rubutu a kai, sai dai idan an zare shi daga Windows ba a sallame shi ba, wani lokaci takan ƙi ɗaure shi don rubutu har sai an mai da shi can an duba. Na huɗu, ext4, na Linux ne na kanta tun 2008. Yana da littafin da yake rubuta niyyarsa a ciki kafin ya taɓa rajista, don haka ya fi jure ɗaukewar wuta. Aibinsa shi ne Windows ba ta karanta shi haka kawai.

5.0 Sunayen Fayiloli da Haruffanmu

A nan ne batun ya shigo gonar masana harshe sosai. Haruffan Hausa masu lanƙwasa suna da gurbinsu a ƙa'idar Unicode: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199. Linux ta yau tana rubuta su a tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, inda kowane ɗayansu yake cin bayit 2. FAT32 kuwa yana ajiye dogayen sunaye a wani tsarin Unicode na dabam, saboda haka dole a yi tafinta tsakanin biyun a lokacin ɗaurewa. Aikin sharaɗin utf8 ke nan. Manhajar udisks tana sa shi da kanta, amma mai ɗaurewa da hannu yana iya mantawa, kuma a wasu nau'o'in Linux sai kanel ya koma ga tsohon jadawalin haruffan Yammacin Turai, ya maye duk harafin da bai sani ba da alamar tambaya. Mai jerin kalmomi da ya sa wa fayil ɗaya suna ɓari.wav, ɗaya kuma ɗari.wav, zai ga duka biyun sun koma ?ari.wav. Sunayen da ke kan katin ba su lalace ba, gani ne ya gurɓata. A kwance a sake ɗaurewa daidai za su dawo. Amma idan aka kwafa a cikin wannan hali, kwafin ya tafi da gurɓatar, ɗaya ma yana iya danne ɗaya.

Matsalar Tyap da Jju ta fi wannan zurfi. Rubutunsu yana amfani da wasali mai layi a ƙasa, kamar a̱ a cikin A̱tyap da Ba̱jju. Wannan ba harafi ɗaya ba ne a wurin kwamfuta, biyu ne: a, sa'an nan alamar U+0331 da ake liƙa mata. Idan mai nazari ya ƙara alamar karin sama, to ana iya rubuta abin ta hanya fiye da ɗaya: ko a tsirara sai alamomi biyu, ko kuma á haɗaɗɗiya sai layin ƙasa. A ido ba su da bambanci. Linux kuwa bayit take kwatantawa, ba kamanni ba, don haka za a iya samun fayiloli biyu masu suna iri ɗaya a folda guda, ko a nemi fayil a rasa alhali ga shi ana kallo. Tsohon tsarin fayil na kwamfutocin Apple yakan warware irin waɗannan haruffa zuwa sassansu, abin da ke sa sunaye su sauya idan faifai ya yi yawo tsakanin abokan bincike. Wannan ya shafi Hausa ma duk lokacin da muka sa karin sauti.

Akwai kuma wata 'yar matsala da ta keɓanta ga rubutun Hausa na Nijeriya. Alamar da muke sawa a 'ya'ya da Jama'a, a wurin tagar umarni alamar buɗe zance ce. Wanda ya rubuta sunan fayil da ya fara da 'yan, sai tagar ta yi shiru tana jiran a rufe zancen. Dole a kewaye sunan da alamar zance mai biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke rubuta ƴ sun tsira daga wannan, sun faɗa cikin ta farko. Bugu da ƙari, ext4 yana bambanta babban harafi da ƙarami, FAT32 da exFAT ba sa yi: Hira.wav da hira.wav fayiloli biyu ne a kwamfuta, amma a kan filash gurbi ɗaya za su yi takara a kai.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa wasu daɗi ba, ni ma da nake rage wa ɗalibi maki idan ya bar ƙ ba lanƙwasa ba na faɗarsa da jin daɗi. Sunan fayil na taska ya tsaya ga ƙananan haruffan boko marasa ado da lambobi da karan ɗori. A fara da lambar harshe ta ƙasa da ƙasa, kcg ga Tyap, kaj ga Jju, jab ga Hyam, hau ga Hausa, sai wuri, sai lamba, alal misali kcg-kagoro-014.wav. Masu kishin harshe za su ce an sake korar haruffanmu daga wani fage, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Sai dai sunan fayil lambar akwati ce kawai. Cikakken rubutu da dukkan alamominsa wurinsa cikin fayil ɗin bayani da ke rakiyar muryar, inda babu tafintan da zai taɓa shi.

6.0 Kwafi da Kwancewa

Idan kwamfuta ta nuna cewa ta gama kwafa, ba lalle ne ta gama ba. Don sauri, Linux takan tara abin da za ta rubuta a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ta riƙa zuba shi a ma'adana a hankali. Kwancewa ce take tilasta mata ta juye saura, ta rufe rajista:

(4) sudo umount /mnt/turke

Sai umarnin ya dawo ake zarewa. Idan ya ƙi, ya ce turken yana cikin aiki, to akwai manhajar da ta buɗe wani fayil a ciki, ko kuma tagar umarnin kanta tana tsaye a cikin foldar. Umarnin fuser -m /mnt/turke zai nuna mai riƙe da igiyar. Haɗarin ya fi yawa ga manyan faya-fayai masu shan wuta daga bango. Kwamfutar cinya tana da batir, ba ta jin ɗaukewar wuta, amma faifan zai mutu a tsakiyar rubutu, wanda daidai yake da fizgewa. A inda wuta ba ta da tabbas, faifan da ke shan wutarsa daga jikin kwamfuta ya fi aminci.

Kwafi kuma sai an gwada shi. Umarnin sha256sum yana karanta fayil ya fitar masa da hatimi mai alamomi 64, wanda yake sauyawa ko da bayit ɗaya ya canja. A shiga foldar asali a ɗauki hatimi, sa'an nan a shiga foldar kwafi a gwada:

(5) sha256sum *.wav > ~/hatimi.txt

(6) sha256sum -c ~/hatimi.txt

Kafin a ba da umarni na (6) a kwance faifan da aka kwafa a kai, a sake ɗaure shi. In ba haka ba kwamfuta tana iya karanto abin da ke ƙwaƙwalwarta maimakon abin da ya sauka a faifan, ta ba da shaidar zur. Wannan gwaji ne kuma yake tona asirin filash na jabu, irin wanda aka rubuta masa gigabayit 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Irinsa yana karɓar fayiloli ba musu, sunayensu su bayyana, amma idan ya cika sai sabo ya riƙa taka tsoho. Manhajar f3 tana auna gaskiyar girman filash, kuma ya kamata a gwada kowane sabo da ita tun ba a ba shi amana ba.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini filash da ta kai wani shagon buga takardu, ta dawo ta tarar foldojinta duka sun zama 'yan gajerun alamomi da ba sa buɗuwa, a ciki kuwa har da hirarrakin da ta yi da tsofaffin ƙauyensu. An riga an ba ta shawarar ta wanke shi. Ƙwayar cutar da ke yin wannan ba ta goge komai, alamar ɓoyewa kawai take sa wa foldojin, alamar da Windows take girmamawa. Da aka ɗaure filash ɗin a Linux da sharaɗin karatu kawai, sai ga su nan cif, ita kuwa ƙwayar ba ta da ikon motsi domin ba don wannan manhaja aka rubuta ta ba. Inda ma'adana ta ƙi ɗauruwa sam, kada a amsa tayin wankewa. A fara ɗaukar hotonta gaba ɗaya da ddrescue, sa'an nan a nemi fayilolin a cikin hoton da PhotoRec, a bar asalin ya huta.

7.0 Turke na Dindindin

Faifan taska na sashe ko na ɗakin karatu ya kamata ya riƙa samun turke ɗaya kullum. ELAN tana rubuta hanyar da za a bi a kai ga murya a cikin fayil ɗin rubutunta, idan hanyar ta sauya sai ta tsaya tana tambaya. Ana kafa turken ne da layi ɗaya a cikin fayil ɗin /etc/fstab:

(7) LABEL=TASKA /mnt/taska ext4 defaults,nofail 0 2

An kira faifan da laƙabinsa maimakon sdb1 saboda dalilin da aka ambata a sashe na 4.0, lambarsa ta UUID, wadda misali na (1) yake nunawa, ta fi laƙabi ma tabbas. Kalmar nofail kuwa kada a bar ta, domin in babu ita, ranar da aka kunna kwamfuta faifan ba ya nan, tana iya tsayawa a hanya ta ƙi ƙarasa tashi. Faifai ɗaya kuma ba taska ba ne. Damina a Kafanchan ta fi ta Kano tsawo da laima, ƙurar hunturu kuwa ba ta bar kowa ba. Kwafi na biyu ya zauna a wani gini, na uku a wani gari.

Saura kwafin masu muryar. Wanda ya ba da tatsuniya a Manchok ko Kwoi yana da haƙƙin ya ji ta a gidansa, jikokinsa ma su ji. A nan sharuɗɗan taska ba su da amfani: ext4 ba zai buɗu a wurinsa ba, WAV kuma zai cinye masa wuri. Abin da ya dace shi ne ƙaramin kati da bai wuce gigabayit 32 ba, a kan tsarin FAT32, muryar a MP3, sunayen gajeru, domin wannan ne ƙananan wayoyi da rediyoyi masu ramin memori suke iya karantawa. A gwada katin a irin rediyon kafin a hau mota.